Gwangwanin Karyayyun Ƙafafu

A saman kantar shagona, can bayan ƙullin wayoyi, akwai wani tsohon gwangwanin madarar gari da na hana yara zubarwa. Duk yaron da ya zo koyon aiki sai ya faki idona ya buɗe shi, yana zaton kusoshi ne ko canjin kuɗi. Abin da yake tararwa baƙaƙen aisi ne birjik, wani mai ƙafa goma sha takwas, wani ashirin da takwas, wani arba'in. Kusan kowanne da giɓinsa: ƙafa ɗaya ta karye, ko biyu sun lanƙwashe sun kwanta. Galibinsu lafiyarsu ƙalau daga ciki. Cirewa da mayarwa ne suka nakasa su.

Waɗannan ba irin aisin da muke canzawa a rediyo ba ne. Sunansu maikurokantirola, wato kwamfuta sukutum a cikin ɗan abin da bai fi ɗan yatsa ba. Su ne a cikin inbata da sitabilaiza da mitar wuta da rimot. Yana fitowa daga masana'anta bai san komai ba, sai ka rubuta masa umarni a kwamfuta ka ɗura masa. Yarana na yau kebul kawai suke sokawa, su danna maɓalli, kafin su ajiye kofin shayi an gama. A zatonsu haka abin ya taso. Ni kuwa na ga lokacin da ɗurin nan yake cin yini guda, shi ya sa nake so in ba da tarihinsa kafin gwangwanin ya yi tsatsa.

Na farko da suka shiga kasuwa, irin su TMS1000 na kamfanin Texas Instruments a 1974, a masana'anta ake rubuta musu umarni, lokacin da ake ƙera su. Kamar tsagar gado ce: ranar da wanzami ya yi ta, an gama, ba gogewa ba gyara. Kamfanin da zai yi kalkuleta ko kayan wasan yara dubbai shi ne yake iya yin oda. Mai koyo da ke son guda ɗaya ba shi da wuri a wannan ciniki.

Wanda ya fara sassauta lamarin wani injiniya ne a kamfanin Intel da ke Amurka, Dov Frohman. A 1971 ya fito da ma'adanar da ake kira EPROM. Ta farko, mai lamba 1702, bayit 256 kacal take ɗauka, abin da bai kai sakin layin nan da kake karantawa ba. Amma tana da abin da babu kamarsa a lokacin: taga. An huda bayanta an sa ɗan gilashi na musamman, kana leƙawa ka ga 'yar ƙwayar silikon tana ƙyalli. Idan aka haska tagar da fitilar UV, rubutun ya goge, a sake sabo. Daga baya Intel ta sa irin wannan taga a maikurokantirola, 8748 sannan 8751, ɗan gidan shahararren 8051 na 1980.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san amfanin wannan. Allo ya fi takarda ga mai koyo ne saboda ana wanke shi. Ka rubuta, malam ya duba ya ga gyara, ka wanke, ka shanya, ka sake. Yaron da aka ce alƙalaminsa sau ɗaya zai taɓa allo a rayuwarsa, hannunsa rawa zai yi, ba zai taɓa iya rubutu ba. Aisi mai taga allo ne, sai dai allon da wankinsa yake da nisa.

A 1998 na fara riƙe shi a hannu. Ina yaron shago wajen maigidana mai gyaran talabijin a Sabon Gari, da yamma kuma ina zuwa wani aji na koyon lantarki. Malaminmu yana da 8751 guda biyu rak, yana naɗe su a soso kamar zinaren amarya. Ga yadda aikin yake. Ka sa siririyar sukundireba ka ɗaga aisin daga soket, kaɗan ta nan, kaɗan ta can, don in ka ɗaga gefe ɗaya da ƙarfi ƙafafun ɗaya gefen sun lanƙwashe. Ka ɓare 'yar takardar da aka manna a tagar. Ka sa shi a akwatin fitila ka rufe, ka jira kamar minti ashirin. Ka kai shi na'urar ɗuri, wadda take buga masa bolt 21. Ka manne tagar, ka daidaita ƙafafu arba'in a ramuka arba'in, ka danna. Ka kunna. Idan harafi ɗaya ka kuskure, sai ka koma farko. Mu goma sha wani abu ne a ajin. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar layi, sai wani makon.

Wata rana fitilar ta mutu. Na ce, "Malam, ranar Kano ai ta fi wannan 'yar fitilar zafi. A ba ni in shanya shi a kan kwano."

Ya yi dariya ya buɗe littafin bayanan kamfanin ya nuna mini. Su da kansu sun rubuta cewa hasken rana kai tsaye zai ɗauki kamar mako guda kafin ya goge irin wannan ma'adana, fitilar ɗaki mai dogon ƙwai kuwa wajen shekara uku. Ya ce, "Ba zafi ake nema ba, ɗana, irin hasken ake nema. Kuma wa zai yi gadin kwanon mako guda?"

Akwai masu arha, na roba marasa taga. Ƙwayar ciki iri ɗaya ce, amma tun da haske ba ya shiga, sau ɗaya ake ɗura musu. Wanda ya saya don ya rage kuɗi, kuskure ɗaya ya mayar da shi shara.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a can waje an riga an wuce wurin. An sami ma'adanar da wutar lantarki take gogewa ba sai da fitila ba, EEPROM. A Japan kuma Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar da wadda ake kira filash a 1984. Abokin aikinsa ne ya raɗa mata sunan, don yadda take gogewa farat ɗaya ya tuna masa walƙiyar kyamara. Sai a 1993 kamfanin Microchip na jihar Arizona ya fitar da PIC16C84. Ɗan ƙarami ne, ƙafa goma sha takwas, yana ɗaukar umarni 1,024, wurin lissafinsa bayit 36. Ko a wancan zamani ba gwarzo ba ne. Abubuwa biyu ne suka ɗaga shi. Na ɗaya, yana gogewa da wuta cikin ƙiftawar ido. Na biyu, ba sai an kama ƙafafunsa duka ba kafin a yi masa ɗuri. Biyar sun isa: ƙafa ta 14 wuta, ta 5 ƙasa, ta 4 a ɗaga ta zuwa wajen bolt 13 don ya san baƙo ya zo, ta 12 tana buga kiɗa, ta 13 tana shigar da bayani ɗigo-ɗigo bisa bugun. Tun da biyar ne, ana iya jawo su zuwa bakin allo a yi musu 'yan tsinke, a ɗura wa aisin yana zaune a gidansa. Wannan ne Microchip ta sa wa suna ICSP. Ƙaninsa PIC16F84, mai filash, ya biyo baya ya cika duniya.

Da na'urar ɗuri ta daina buƙatar ƙafa arba'in, sai ta zama abin da talaka zai haɗa da kansa. David Tait a Manchesta ta Ingila ya watsa zanen wata da ake sokawa a ramin firinta na kwamfuta. Wani ɗan Denmak, Jens Dyekjær Madsen, ya yi wadda ta ɗauki haruffan sunansa, JDM, mai shan wutarta daga ramin siriyal mai tsinke tara, ba batir ba taransifoma. Taransisto biyu, 'yan diyod, 'yan rizisto, kwandensa biyu. A 2003 na biya kuɗin awa a shagon intanet na buga zanenta a takarda. Duk kayan daga matattun talabijin na ciro su, ban da soket. Daren da ƙwan LED ya fara ƙiftawa bisa umarnina, na goge, na sauya saurinsa, na sake ɗurawa, sau bakwai kafin asuba, ban ji barci ba. Abin da a aji yake cin wata biyu na yi shi a dare ɗaya.

JDM tana da halinta. Tsohuwar kwamfutar tebur tana ba ta wajen bolt 12 ta kowane ɓangare, sai ta yi aiki lafiya. Ka kai ta kan laftof, wutar ta gaza, ta rubuta rabi ta bar rabi. Da kwamfutoci suka daina zuwa da ramin siriyal, aka koma USB, sai ta mutu murus, muka koma PICkit 2 da Microchip ta fitar a 2005.

To ga abin kunyar. Mafi yawan aisin da ke gwangwanin nan na wannan zamanin ne. An ba ni ƙofa, na ci gaba da haura katanga. Shekaru ina ciro PIC daga allo in kai shi kan JDM in dawo da shi, don haka na ga ana yi, kuma ban taɓa barin wurin tsinken nan biyar a allona ba. Ranar da na fara gwadawa ma sai da na ji jiki. Wani Alhaji a unguwarmu ya ba ni aikin na'urar da za ta kunna famfon tankinsa ta kashe in ya cika. Na haɗa rile a ƙafa ta 13, na manta ita ce hanyar bayani. Na je gidan da kwamfuta don in gyara lokacin jira, na jona, na danna. Sai rile ya kama ƙara kamar ana kaɗa kuge, famfo yana tashi yana faɗuwa, ɗurin kuma ya lalace. Alhaji ya leƙo ya ce, "Injiniya, lafiya? Ko aljanu ne suka shiga tankin?"

A nan na koyi dokokin da littafi ya faɗa ban kula ba. Ƙafafun ɗuri a bar su sakayau, in kuwa dole ne a yi aiki da su, a ɗora musu abu marar nauyi kamar maɓalli, a raba da rizisto. Ƙafar da ake bugawa bolt 13 a tare ta da rizisto ko diyod, kada wutar ta kwarara ta ƙone sauran kayan da bolt 5 suka sani. Kada a rataya mata babban kwandensa, don zai hana wutar tashi da sauri. Kebul ya zama gajere. Kuma duk wannan tun ranar zanen allo ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana cikin haka wani iyali ya taso daga Nowe. Ɗalibai biyu a Trondheim, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara aisin da kamfanin Atmel ya fara sayarwa wajen 1997 da sunan AVR. Filash ne tun daga haihuwa, kuma bai nemi bolt 13 ba. Tsinke shida: wuta, ƙasa, RESET, sai SCK da MOSI da MISO. Ka danne RESET ƙasa, ya saurare ka da wutar da yake ci kullum. Wani Bajamushe, Thomas Fischl, ya saki zanen USBasp kyauta, wadda ita kanta AVR ce take ɗura wa 'yan uwanta. Har gobe ita ce a aljihun ɗalibai.

AVR ma yana da ramin da yake jefa baƙo. Sabon ATmega, ɗan gidan AVR, yana fitowa yana gudu a megahaz ɗaya, kuma doka ita ce bugun mai ɗuri ya gaza rubu'in nasa. Ka yi masa sauri, ya yi maka shiru, ka rantse jabu aka sayar maka. Babban ramin kuwa shi ne abin da ake kira fiyus, wasu 'yan saituna da suke gaya wa aisi inda zai samo bugun zuciyarsa. A wurinsu sifili ne yake nufin an kunna, ɗaya kuma an kashe. Wata rana a cikin hunturu na zauna da ATmega8 guda uku. Na so in ce ya yi aiki da kiristal, ashe na ce ya jira bugu daga waje. Ya yi tsit. Na ce wannan matacce ne, na ɗauko na biyu na yi masa daidai abin da na yi wa na farko. Na uku ma haka. Rashin sani ya fi dare duhu. Bayan kwana biyu na gane: aisin da ba shi da bugu ba ya jin sallama ko ta ƙofar ɗuri. Na haɗa tsohon aisin 555 ya riƙa buga masa a ƙafar XTAL1, na rage saurin USBasp, dukansu uku suka farfaɗo. Da ƙafar RESET na kashe, da sai an nemo na'ura mai bolt 12 an ciro shi, an koma gidan jiya.

Sai 2005, a Ivrea, garin da kamfanin tafireta na Olivetti ya yi suna a arewacin Italiya. A wata makarantar zane, Massimo Banzi da David Cuartielles da abokansu suka ɗora a kan aikin wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, mai suna Wiring, suka fitar da Arduino. Sunan wata mashaya ce da suke zama, ita kuma ta ci sunan wani sarki da ya yi mulki a 1002. Ɗalibansu masu zane ne, ba ruwansu da fiyus. Dabarar da aka yi ita ce a zaunar da ɗan ƙaramin shiri a lungun ma'adanar, butloda, kamar mai gadi a zaure. Duk lokacin da aisi ya farka, mai gadi zai ɗan saurara. In ya ji kwamfuta tana sallama, ya karɓi saƙo ya rubuta a ciki da kansa. In bai ji ba, ya saki tsohon shiri ya ci gaba. Dabarar ba sabuwa ba ce, 68HC11 na Motorola yana da irinta tun shekarun 1980. Arduino ta kai ta hannun kowa ne. A kan allon Arduino Uno, wanda ya fito a 2010 da ATmega328P, mai gadin nan bayit 512 yake ci daga cikin kilobayit 32, kuma ma'adanar tana jure gogewa sau 10,000.

Amma ka duba gefen Uno da kyau, za ka ga tsinke shida, biyu-biyu sahu uku. Yarana ba sa kallonsu sai ranar da suka sayo ATmega fanko a kasuwa, kebul ya ƙi aiki, don ba mai gadi a ciki. Shi ma mai gadin ta tsohuwar ƙofa ake shigar da shi. Abin dariya, an rubuta ICSP a wurin, sunan da Microchip ta raɗa, a kan aisin kishiyarta Atmel. A 2016 Microchip ta saye Atmel, kishiyoyi suka koma ɗaki ɗaya.

Masana'antu ma sun bi wannan hanya, don tasu larurar. Da aisi suka ƙanƙance, aka daina soka ƙafafunsu a rami, aka koma manna su a fuskar allo, cirewa ta zama aikin iska mai zafi. JTAG, wanda aka amince da shi a 1990 da lambar IEEE 1149.1, an yi shi ne don gwada ko dalma ta kama ƙafafun da tsinken gwaji ba ya kaiwa. Daga baya aka ga ai ta nan ma za a iya ɗuri, har a tsayar da shiri a leƙa cikinsa. Kamfanin ARM ya rage wayoyin zuwa biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar waya ta Farm Centre ya ga matashi ya sunkuya da madubin ƙara girma yana manna wayoyi siraran gashi a allon wayar da ta ƙi tashi, ya ga jikan wannan aiki. Haka mai gyaran dikoda da yake maƙala ɗan matsefi mai haƙora takwas a kan aisi ya yi masa filashin ba tare da ya kunna kan soda ba. Ba lallai su san sunan Frohman ba, amma gadonsa suke ci.

A Janairun 2021 allon Raspberry Pi Pico ya fito a dala huɗu. Ka danne maɓalli, ka soka kebul, ya bayyana a kwamfuta kamar filas, ka ja fayil ka jefa. Daga minti talatin da fargaba an dawo daƙiƙa uku.

Idan aka tambaye ni me ya canza a shekarun nan, ba na cewa sauri ko girma. Kuskure ne ya yi arha. Sana'ar da kuskure ɗaya yake cin kuɗin abincin mako ta 'ya'yan masu hali ce da manyan kamfanoni. Da allon ya zama mai wankuwa a hannu, sai ɗan mai gyaran rediyo ya samu shiga. Ban ce ba a yi asarar komai ba. Malaminmu ba ya barin ka taɓa aisinsa sai ka bi shirinka layi-layi a takarda da fensir, ka faɗi abin da kowane umarni zai yi. Yaran yanzu sai su ɗura sau hamsin suna canza lamba da ka, ko Allah zai sa a dace. Kuma ƙofar nan tana da sakata. Akwai saitin da yake hana karanta abin da ke ciki, shi ya sa in aisin inbatar waje ya mutu, ko ka sayo sabo iri ɗaya fanko ne, sai dai a canza allo gaba ɗaya. Ina ƙorafi a kan haka, alhali ni ma ina kulle nawa, har in kankare lambar da sanfefa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, nake gaya wa kaina, ko da yake na san wani mai gyara a wani gari yana can yana tsine mini.

Makon jiya wani yarona ya kawo mini zanen allonsa na farko, na'urar sauya layi tsakanin wutar gari da janareta. Ya yi kyau, layuka tsaf. Na duba gefe huɗu na ce, "Ina ƙofa?"

Ya ce, "Oga, ai soket zan sa. In na tashi gyara sai in ciro shi."

Ban ce masa komai ba. Na miƙa hannu saman kanta na sauko da gwangwanin, na zazzage masa a kan tebur. Ya daɗe yana juya su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Sannan ya jawo takardarsa, ya nemi wuri a kusurwar dama, ya ɗiga ɗigo shida.